Uwaisu Ba Ya Zubar da Madara

"Ku riƙe shi! Jama'a ku ƙwace gwangwanin nan, na huɗu fa ke nan yake kafa wa kai!"

Talatu ce ke wannan ihun daga ƙofar kicin. Wanda ake cewa a riƙe kuwa ƙaninta ne Uwaisu, yana zaune dirshan a tsakar gidansu na unguwar Hausari, katan ɗin madara a tsakanin ƙafafunsa, yana sha yana hawaye.

To bari ku ji waye Uwaisun namu. Tun yana ɗan mitsitsi ba a taɓa ganin ya zubar da abin ci ba. Tuwon da ya fara yauƙi, shi ake kira. Da ya girma ya buɗe shagon kayan shayi a Gamboru, sai halin ya samu wurin zama. Madarar da kwananta ya wuce ba ya sayar wa kowa, wannan kam a shaide shi, yana tsoron Allah. Amma zubarwa? Ina! Gida yake kwasowa. In ka nuna masa rubutun da ke gindin gwangwani sai ya ce, "Ita madarar ta iya karatu ne? Wa ya gaya mata yau ce ranar?"

Yana da nasa gwajin kuma. Ya girgiza gwangwani a kunne kamar mai neman tashar rediyo, ya huda, ya tsiyaya wa kyanwar gidan. In ta sha, kowa ya sha. Matsalar dai, kyanwar nan har sabulun wanki an taɓa kama ta tana lasa.

A haka ya auri Mu'mina, 'yar Hajja Kellu ta unguwar Fezzan. Yarinya mai kunya, ga turaren wuta, tun daga bakin layi za ka san ta hura kasko. Shekaru suka yi ta tafiya Allah bai kawo haihuwa ba, har masu tambaya suka gaji suka bari. Uwaisu bai taɓa ɗaga mata murya a kai ba. Shi dai ya dawo kasuwa ya gan ta, shi ke nan duniya ta yi masa daɗi.

Rannan da safe Mu'mina ta kurɓi shayi, sai amai. Washegari ma haka. Hajja Kellu ta zo dubiya, idonta ya faɗa kan gwangwani, ta miƙa wa maƙwabciya ta karanta mata. Ashe tun kafin azumin bara kwanansa ya ƙare.

"Sannu da ƙoƙari, Malam Uwaisu," in ji Hajja. "Na ba ka 'ya, ka mayar mini da ita kwandon shara? Asibiti zan kai ta. Wallahi in madarar nan ce, daga can Fezzan za mu wuce, ka zauna kai da kyanwarka."

Mu'mina ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta dubi uwarta, ta ja lafaya ta rufe fuska. Suka hau keke suka tafi.

Ita Talatu tuni ta harbo jirgin. 'Yar Borno ta kashe kasko, wai ƙamshi na tayar mata da zuciya? Amma zancen cikin fari ba a yin sa gatsal a gaban surukai, ita mai abin kuwa ko yanka ta za a yi ba za ta furta a gaban uwarta ba. Sai ta ja ƙaninta gefe.

"Kai, ba ka lura ta daina turare ba?"

"Na lura, Yaya. Madarar ta lalata mata hanci."

"Tsamiyar da take ta tsotsa fa?"

"Innalillahi! Har da harshen?"

Kafin ta samo wata hanyar, ya jawo katan. Wai shanye sauran zai yi. In bai ji komai ba, madara ta wanke kanta, Mu'mina ta dawo. In kuma guba ce, to su tafi tare. Nan ne Talatu ta fara ihun a riƙe shi, maƙwabta suka cika gida, amma wa zai riƙe ƙato mai kuka?

Na biyar ɗin kumburarre ne, da ya huda sai da ya yi tsartuwa. Kyanwa ta matso, ta shinshina, ta haura katanga. Kyanwar da ke lasar sabulu! Uwaisu ya bi ta da kallo, ya yi bisimilla, ya shanye.

Kafin azahar cikinsa ya fara ƙugi kamar janareto. Ya suri buta, takalmi ƙafa ɗaya. Yana can ciki wayarsa ta yi ƙara a kan tabarma. Talatu ta ɗauka, ta buɗe murya, ta kai bakin ƙofar bayi.

"Ina Malam Uwaisu?" in ji Hajja Kellu.

"Yana ɗan uzuri, Hajja, amma yana jin ki."

Daga ciki murya ta fito a shaƙe. "Hajja, madarar ce. Na gwada a kaina. Laifina ne, amma don Allah kar ki raba ni da ita."

Sai Hajja ta fashe da dariya har da tari.

"Wace madara? Talatu, ki wanke zanin goyo! Likita ta ce ciki ne, har ya shiga wata na uku. Ga ta nan ta ƙi buɗe fuska, ashe ja'irar ta sani! Amma ki gaya masa, likita ta ce ko ɗigon madarar nan kar ya ƙara shiga gidan, a zubar da ita duka. Ga mu nan dawowa."

Talatu ta rangaɗa guɗa har wayar ta kusa faɗawa kwata. Daga cikin bayi aka ji kabbara, aka ji kuka, sannan aka ji wata ƙarar da ba ta kuka ba.

"Me yake cewa?" in ji Hajja.

"Godiya yake, Hajja."