Riɗin da Inna ba ta ci ba

Jiya a Gumel likita ta dubi yadda na ɗaure kaina tamau da ɗankwali saboda ciwon kai.

Ta ce, "Hajiya, ƙarancin sinadarin magnesiyam kan tayar da ciwon ɓarin kai. Ki riƙa cin riɗi da wake, suna ɗauke da shi, mu gani."

Na ce, "Riɗi, likita?"

Sai Innata ta faɗo min a rai, Allah ya jiƙanta. Haka take ɗaure kanta tana bakacen riɗinmu a Ɗanzomo. Duk kasuwar Maigatari ake kai shi, don a gidanmu riɗi na sayarwa ne, ba na ci ba.

Ban sani ba ko da ya taimake ta. Amma yau na yi kantun riɗi, na rasa wadda zan fara miƙa wa.

Ku wa kuke kewa haka?