Ƙwayar masara talatin da shida

Edita, a shekarun da ruwan Tiga ya ci ƙauyenmu ni malamin lissafi ne a wata firamare a Tudun Wada, saurayi mai ji da kansa, wanda ko gaisuwa sai ya sa mata Turanci. Na karɓi bashin gina gida na ma'aikata, naira dubu biyu, za a riƙa cira a albashina har shekara takwas, takardar gidan kuma tana hannun masu ba da bashin. Na ɗauko Inna, mahaifiyata, na kawo ta. Tunda ta ga ɗakinta ya nutse, ba ta da buri sai ta kwana a gidan da babu mai tashinta. Da ta ji akwai kuɗin ruwa a ciki, kwana biyu ba ta ci tuwon kirki ba.

Don in kwantar mata da hankali, in kuma nuna gwaninta, na zauna na buga lissafi. Na bayyana mata cewa duk abin da aka ƙara a kan biyan wata, uwar kuɗin yake ragewa, ruwan da ke hawa kanta ya ragu, wa'adin ya gajarta. In ana ƙara naira goma sha biyu duk wata, shekara takwas za ta koma biyar. Ta ce ita ba ta san alli ba, in gwada mata da abin da ido ke gani. Na ƙirga ƙwayar masara casa'in da shida, kowace ƙwaya wata ɗaya, na ware talatin da shida na ce waɗannan mun huta da su. Ta ƙulle su a tsumma, ta zuba sittin a kwalba. Daga nan ta kama bandar kifi tana kaiwa kasuwar Kafin Maiyaƙi. Duk ƙarshen wata ta miƙo mini kuɗin, suna warin hayaƙi, ta cire ƙwaya ɗaya.

Wata uku na kai kuɗin inda ake biyan bashin. A na huɗu na ga babur, na ce aron kuɗin Inna zan yi. Daga babur sai shadda, sai tsire a Kwanar Dangora da abokai, ni ne mai biya. Ni da na fi kowa sanin abin da kowace naira ke yi, ni na cinye su, idon Inna kuwa yana ta ja saboda hayaƙi.

Ranar da kwalba ta ƙare, ta yi waina ta raba wa maƙwabta, ta ce in karɓo takardar gida. Kunya ta hana ni faɗin gaskiya, na kawo mata wata tsohuwar takardar makaranta mai hatimi. Don murna ta kai wa maƙwabcinmu malamin gona ya sa albarka. Ban san abin da ya gaya mata ba. Washegari na tarar da kwalbar a ƙofar ɗakina, ta kwance tsumman ta mayar da masarar nan, ga naira goma sha biyu a gefe. Ba ta zage ni ba, ba ta kuma taɓa tada maganar ba. Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi.

Na sayar da babur na shiga biya da gaske, amma saura ƙwaya tara Allah ya karɓi abarsa. Ta rasu a gidan da bai zama namu ba.

Lissafina daidai yake, ni ne ban zama daidai ba. Masu bashin gida, ku ƙara ko kaɗan ne, yana rage shekaru. Amma in wani ya ba ku guminsa ku kai, ku kai a ranar, ku kawo masa rasit. Kwalbar tana nan a ɗakina, har yau na kasa zubar da taran nan.