Ranar da Na Leƙa Jinin Ɗana

Tun ban yaye yarona ba hannuwansa ke kumbura, ya wuni yana tsala kuka. Ɗan fari ne, ga alkunya, sai na haɗiye damuwata ina tafiya aiki da ita.

Lokacin kuɗin mai sun cika gari. Ina aiki a wani asibitin kuɗi a Nassarawa GRA, ɗakin gwaji, inda manya ke kawo 'ya'yansu. Ni ce mai wanke gilasai. Babbanmu Malam Iliya shi ke duba jini. Gwajin sikila kuwa, a ɗiga jini a kan gilashi, a rufe da wani, a like gefen da basilin don kada iska ta shiga, a jira. Likewar nan ni ya sakar wa.

Har gobe ina ganin safiyar da na goyo yaron daga unguwarmu Gama na roƙi Malam ya duba shi. Da hannuna na like gilashin. Malam mai tsokana ne, kullum sai ya ce, "Ladi, kin fi likita tsada." Amma ranar ya daɗe a kan madubin duba ƙwayoyin jini. Ya miƙe ya ce, "Zauna ki gani."

Ƙwayoyin jinin sun lanƙwashe kamar lauje.

Na ce, "Malam, me ya tanƙwara su?"

Ya kakkarya tsinken tsintsiya a faranti, ya zuba gero, ya girgiza. Tsinkayen suka riƙa jeruwa gefe da gefe. Ya ce, "A cikin ƙwayar jininsa wasu 'yan sanduna ke fitowa. Ba son juna suke ba. Ƙananan abubuwan da ke kewaye, kamar geron nan, ba sa samun shiga tsakaninsu, sai su matse su daga waje har su zama dami. Damin ke tokare ƙwayar. In ruwan jikinsa ya ragu, cunkoson ya ƙaru. Ki ba shi ruwa ko bai nema ba."

Na ce, "Zai warke?"

Ya ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Ladi."

Na yi ta ba shi ruwa. Ya yi tafiya, ya yi surutu. Bazarar da zai shiga firamare Allah ya karɓi abinsa.

Aikin nan ya koya mini cewa bayan kowane gilashi akwai uwa tana jira a benci. Ku da kuke ɗakin gwaji yanzu, don Allah kada ku miƙa mata sakamako ku juya. Ku zaunar da ita, ku yi mata bayani yadda za ta gane.