Tela da Inci Huɗu

Shekara talatin da biyu Tela ya yi yana auna ƙugun mutane, amma nasa ƙugun rabonsa da tef tun Auta tana rarrafe. Wanzami dai ba ya son jarfa. Shagonsa ɗan tsukuku ne kusa da na mai aski: keken ɗinki na takawa, teburin yanka, madubi mai tsaga a gefe, da bencin da ƙyallaye suka cinye rabinsa. Nan yake wuni a zaune, tef a wuya, allurai a baki, shi ya sa ba a san shi da yawan magana ba. In wandonsa ya matse shi sai ya farke gefe ya saki rarar da ke ciki, yana mitar cewa yadin zamani ba ya jure wanki. Haka teɓa ta yi ta fitowa a hankali, mai ita bai samu labari ba.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, tana makarantar koyon aikin jinya a wani gari. Da ta zo hutu sai ta miƙa masa yadi ruwan toka mai laushi, ƙarshen bandir ne, iya riga da wando cif.

"Baba, wannan za ka sa ranar da za a ba mu takardar kammalawa," in ji ta. "Saura wata biyar. So nake in hango ka a cikinsa."

Daɗi ya cika Tela. Tana komawa makaranta ya shimfiɗa yadin, ya ɗauki alli. Kowane mai kawo ɗinki sai ya auna shi sau biyu, ya bar masa rara a ciki saboda gaba. Shi kuwa ai ya san awonsa a ka: talatin da takwas. Ya zana, ya sa almakashi, bai bar ko rarar kirki ba. Rigar ta shiga da 'yan dabaru. Wandon kuwa da ya ja shi sama, maɓalli na gabas, kafarsa na yamma, inci huɗu tsakaninsu, kamar maƙwabtan da ba sa ga maciji.

Matarsa ta yi dariya har da riƙe ƙofa. Da ta ga fuskarsa sai ta daina. Ya zagaye kasuwa kaf da ɗan ƙyallen a aljihu, babu irinsa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, ga kunya. Tela guda ya ɓata kyautar 'yarsa da hannunsa, da wane baki zai faɗa mata?

"To, Malam, yanzu sai yaya?" matar ta tambaya.

"In wando ba zai zo wurina ba, ni zan je wurinsa."

Washegari da sassafe ya ɗaura tsohon takalmi ya fita. A ganinsa kitse da wuta ake narka shi, don haka ya zura da gudu iya ƙarfinsa. Turakun fitilar titi shida ya wuce, a na bakwai numfashi ya ce bai san zancen ba. Ya zube a dakalin mai aski yana haki, daidai lokacin da mai askin ke buɗe shago.

"Tela, wa ya biyo ka? In ɗauko sanda?"

Kwana huɗu yana wannan wauta. Gwiwa ta kumbura har taka keke ya gagara, ga yunwar da yake dawowa da ita, wadda ta sa kwanon abincinsa ya ninka. Ya zagaya tef a ɓoye, ko ɗigo bai ragu ba. Ganin haka matarsa ta kira Auta a waya ta miƙa masa.

"Baba, ba tsere kake yi ba," in ji Auta. "Ka huta gwiwar ta saɓe. Sannan ka yi gudun da za ka iya hira a cikinsa. In magana ta gagara, ka yi sauri da yawa. Ka fara da kilomita ɗaya, kana haɗawa da tafiya, kwana huɗu a mako, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har ka kai uku ko huɗu. Kuma a rage maka kwano."

Ai wannan karatun Tela ne. Doguwar kalmasa ba a taka mata keke da garaje, zare ne zai tsinke ka koma farko. Ƙafa a daidaice, hannu a sake, sai ka ga ka kai ƙarshen yadi. Shekara talatin da biyu yana yi, bai taɓa zaton da jikin mutum ma haka ne ba.

Kilomita dai bai santa ba, yadi ya sani. Ya fita da tef ya auna tsakanin turke da turke, mai aski na riƙe masa baki ɗaya yana tsokanarsa, aka samu yadi hamsin. Ya yi lissafinsa: turke ashirin da biyu a makon farko. Saura abokin hira, don ba zai bi titi yana magana shi kaɗai a ce ya taɓu ba. Matarsa ta yafa mayafi ta ce su je. Nan aka gano abin dariya: gudun da Tela ke iya magana a cikinsa daidai yake da tafiyarta in tana sauri zuwa kasuwa. Shi yana gudu, ita tana tafiya, kafaɗa da kafaɗa.

"Yi magana mu ji, Malam."

"Me zan ce?"

"Fara daga farko mana. Ai muna da turke ashirin da biyu."

Sai ya fara daga farko. Ranar da ya fara taka keke ya ɗinke yatsansa. Rigar da ya taɓa yi wa wani, wadda hannunta ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ya rantse masa cewa kafaɗarsa ce a karkace. Ashe mutumin nan cike yake da labari, allurai ne suka toshe masa baki. In ta ji ya fara yanka magana gutsi-gutsi sai ta ce, "Rage wuta, zare zai tsinke." Turke ashirin da biyu suka zama arba'in, suka zama tamanin. A wata na uku tef ya tsaya cak har mako biyu, Tela ya so ya karaya. Matar ta ce sannu ba ta hana zuwa, kuma ita ba ta yarda a bar mata labari a tsakiya ba.

Ranar ta zo. Ya ja wandon, ya riƙe numfashi. Matar ta ce ya saki, ba a shiga taro da cikin aro. Ya saki. Maɓalli ya faɗa kafarsa, har da wurin zura yatsa ɗaya.

A zauren taro Auta ta hango shi tun daga layi. Da aka tashi ta zo ta shafa hannun rigar, idonta ya cika da ƙwalla. Tela ya yi gyaran murya zai yi iƙirarin laifinsa.

"Baba, bar shi. Tun ranar da ka yanka yadin, Mama ta faɗa min." Ta kama wuyan hannunsa ta ƙirga bugun jini, ta yi murmushi. "Wannan ɗinkin ya fi na wandon kyau."

Washegarin dawowarsu Tela ya ja bargo, a ransa aiki ya gama. Sai ya ji matarsa ta ajiye takalmi a gaban gado.

"Wando ai ya shiga," ya ce.

"Wando ya shiga, amma rannan a turke na saba'in ka tsayar da labarin daidai inda ka fara ganina a ƙofar shago. Tashi ka ƙarasa min, Malam. Shekara talatin nake jiran in ji me ka ce a ranka."