Ranar da Yaya Ya Kori Tsuntsaye a Zauren Coci

Yayana tsohon soja ne. Tun da harsashi ya same shi a ƙashin baya, keke mai batir ya zama ƙafarsa, yana tuƙa shi da wani ɗan maɓalli a hannun dama. Ni ƙanwarsa nake raka shi duk inda za shi a Zuru.

Wata Asabar aka kira mu zauren cocinmu na Rikoto. Wata malamar jami'a ce ta zo da tabarau mai kauri, tana neman masu irin kekensa su gwada wasan da ta haɗa. Ta ce wanda ya sa tabarau ɗin zai ga zauren yadda yake, amma da gonar dawa a tsakiya, tsuntsaye na sauka a kanta. Ka tunkare su da keke, su watse.

"In ya kusa bango ko ƙofa, jan layi zai fito masa a ƙasa," in ji ta. "Don Allah kada ki taɓa keken."

Ta ɗaura masa. Da farko a hankali yake tafiya, yana waige-waige. Can sai na ji ya kwarara ihu da yarenmu na C'lela, irin wanda muke korar tsuntsaye da shi a gonar babanmu, ya ƙara gudu. Ya karya kwana, ya nufi ƙofar gabas da aka bari a buɗe saboda zafi. Bayanta matakala huɗu ce ta siminti.

"Yaya!"

Ko waiwayowa bai yi ba. Na zabura, malamar ta riƙe mini hannu. Na fizge na ruga. Kafin in kai, keken ya yi ƙara ya tsaya, tayoyin gaba a kan dokin ƙofa.

Ya cire tabarau, ya daɗe yana kallon matakalar.

"Malama, layinki ya makara," ya ce. "Keken nan ba ya tsayawa nan take, sai ya ɗan ja. Da mai sanyin hannu ne, da yanzu yana ƙasa."

Ta ba shi haƙuri, ta zauna ta duƙufa a kan kwamfuta tana gyarawa. Na ce mu tafi gida. Ya ce in rufe ƙofa, in sa sakata, in nemi wuri in zauna.

Zagaye uku ya ƙara yi. Ban iya zama ba, a jingine da ƙofar na tsaya har ya gama.