Keken da abokina bai samu ba

Shekarun baya, zamanin mulkin soja, ina ƙaramin akawu a ofishin ƙaramar hukuma, wasu ɗaliban jami'a da ke unguwar Kongo suka shirya tuƙin keke don taimaka wa masu shan inna. Ba tsere ba ne. 'Yan kasuwa ne suka sayi 'yan kekunan guragu, aka ce duk wanda ya kai ƙarshen tafiyar kafin la'asar zai ba da sunan mutum ɗaya daga unguwarsu a ba shi keke. Za a tashi daga Kongo, a shiga birni ta Ƙofar Doka, a ratsa gari, a fita wajen Kufena, a miƙa ƙauyuka a zagayo.

Ina jin haka na tuna abokina. Tare muka yi makarantar allo a Limancin Kona. Shan inna ya cinye masa ƙafafu duka biyu tun yana yaro, da hannu yake tafiya, ya zura silifa a tafin hannunsa. Ɗinkin hula yake yi a zaurensu, ga baki kamar reza. Na je na ce masa ya sa a ransa ya yi keke an gama.

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗin? Kai da Tudun Wada kawai in ka je sai ka dawo kana haki kamar tsohuwar akuya?"

Na ce wallahi sai na kai. Ni da bakina na rantse, ba wanda ya sa ni. Kuma na yi shiri, kullum bayan asuba sai na zaga ganuwa, har ƙafafuna suka saba.

Abin da ban lissafa ba shi ne cikin gari. Mahaifina malami ne, kuma a gidanmu ba a wuce babba a kan keke. Sauka ake yi, a jingine, a durƙusa a gaishe shi. Ɗaliban nan kuwa baƙi ne, ba wanda ya san su, suka yi ta wucewa fuu suna kaɗa ƙararrawa. Ni ko rabin dattawan da ke zaune a ƙofar gida ɗaliban mahaifina ne. Na san in na wuce ɗaya ban sauka ba, labari zai riga ni isa gida.

Da na iske dattijo na fari na sauka na ce, "Allah gafarta Malam, ina kwana?"

Ya ce, "Lafiya lau. Ya Malam? Ya jikin gyatumarka? Kai kuma ina zuwa cikin 'yan bokon nan?"

Na yi bayani a gurguje. Ya ce ai wannan aikin lada ne, bari ya yi mini addu'a. Ya ɗaga hannu. Wa zai tashi ana addu'a? Kafin mu shafa, ko ƙurar mutanena ban hango ba. Na hau na taka da ƙarfin tsiya na cim musu, sai ga kawuna a bakin masallaci. Na sake sauka. Haka na yi ta yi har muka fita gari: sauka, durƙuso, gudu. Ƙarfin da na tanada don ƙauyuka duk na zubar da shi a cikin ganuwa.

Mun wuce dutsen Kufena kaɗan cinyata ta dama ta ɗaure tamau. Na daure na ci gaba, ta hagu ma ta ce ba ta san zancen ba. Na faɗi gefen gonar dawa ni da keke. Akwai a-kori-kura da ke bin mu a baya tana kwasar waɗanda suka gaza. Na roƙi direban ya ba ni lokaci in huta, ya jira iya jiransa, na miƙe na sake zubewa. Aka ɗaga ni aka jefa baya, aka ɗora kekena a kaina. Ina zaune a wannan motar aka kira sunayen waɗanda suka kai.

A gida mahaifiyata ta dafa ruwa ta gasa mini ƙafafu, ta ce Allah bai nufa ba, in bar shi haka. Ban bari ba. Ƙafa ta warke amma na ƙi komawa kan keke, na jingine shi a zaure har taya ta sace. Ofis da ƙafa nake zuwa, ta lungu, don kada in bi ta ƙofar gidansu abokina. Abinci ma sai an yi da ni. Kunya nake ji, kuma haushin kowa nake ji, har da dattawan da suka yi mini addu'a.

To, tun muna samari ni ke ɗaukarsa a kariyar kekena mu je masallacin Juma'a. Juma'a ta zo ta wuce ban je ba, wata ma ta wuce. A ta gaba, da hantsi, mahaifiyata ta leƙo ɗakina ta ce, "Tashi ka fita, abokinka ne a zaure, tun ɗazu yake sallama."

Na same shi zaune kusa da keken, farar rigarsa ta Juma'a duk ta yi ƙura daga gwiwa zuwa ƙasa. Da hannu ya zo tun daga gidansu. Na fara, "Mutumina, wallahi ka yi haƙuri..."

Ya ce, "Dakata. Ni aka hana keke, kai kuma ka shiga takaba? Baƙin cikin ma ka kwashe duka kai kaɗai, ko kaɗan ba ka rage mini ba. Ɗauko famfo ka ba tayar nan iska, za mu makara."

Na yi dariya, rabona da dariya tun ranar. Na ba taya iska, na ɗora shi, muka kama hanya yana ta tsokanata wai in lura kada a-kori-kura ta biyo mu. Har muka kusa masallaci. Can ya ce, a hankali, daga bayana, "Amma fa na so keken nan. Har na sa an kwashe itacen da ke zaurenmu, a nan zan riƙa ajiye shi."

Ban waiwaya ba. Na ci gaba da taka feda idona na ruwa.

Bayan wasu shekaru ya sayi kekensa da cinikin hula, ba da taimakon kowa ba. Yanzu jikokinsa ke tura shi, bakin nan kuwa yana nan yadda yake. Ni kuma rashin kaiwa ƙarshen ya daina damuna tuntuni, in na ba da labarin ma dariya ake yi. Wanda bai daina ba shi ne waɗannan makonnin da na zauna a ɗaki ina jin tausayin kaina, shi yana can shi kaɗai da zauren da aka share. Tun daga nan, in na yi wa mutum alkawari na kasa cikawa, ba na kwana sai na je na zauna gabansa da kunyata, na ji nasa zafin tukuna.