Papa Dzikunu da Bencin Bakin Ƙofa

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, ina tsakiyar tuƙa akple, tuwonmu na masara, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Daavi Abla, Papa Dzikunu ya tafi gida." Ban yi kuka ba a lokacin. Na sauke tukunyar, na zauna a kan turmi. Shekararka tamanin da ɗaya, Papa. Ranar Asabar da ta wuce muka binne ka a nan Kpando, aka karanta yabonka da yawa: kafinta, dattijon ikilisiya na shekara talatin, uban 'ya'ya biyar. Ni karatuna a aji shida ya tsaya, amma akwai abin da ba a karanta ba, shi nake so in rubuta.

Da mijina ya rasu, kai ka ƙera akwatin gawarsa, ka kuma dawo ka gyara mini ƙofar ɗaki ba tare da na roƙa ba. Ɗana Elikem a hannunka ya koyi waƙoƙin coci, har ya girma ya zama tela, shi ke ba mawaƙa murya ranar Lahadi.

A cocinmu, kafin Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin da muke karɓa don tunawa da Almasihu, kowa yakan je ya gana da fasto, ya faɗi abin da ke damun zuciyarsa. Yawancinmu ciwon gwiwa muke faɗa mu fito. Elikem, yana ɗan shekara ashirin da bakwai, ya shiga ya faɗi gaskiya: zuciyarsa ba ta karkata ga mata, ga maza take karkata. Fasto ya ce Allah ya ba kowane mutum ikon zaɓi, wanda ya zaɓi zunubi yana iya zaɓar tuba. Wai Elikem ya tsaya gaban jama'a ya ce ya bari, ya nemi mata, magana ta ƙare. Elikem ya ce, "Fasto, na yi azumi har na faɗi a kan keken ɗinki. Wace rana ce na zaɓa? Ba zan yi ƙarya a gaban bagade ba."

Aka sa shi a horo. Wanda ke horo a bencin bakin ƙofa yake zama, wanda ba shi da majingina, inda ruwan sama ke feso wa mutum a baya, kuma farantin Jibi ba ya tsayawa a wurin.

Lahadi ta farko ya zauna shi kaɗai. Ta biyu, muna cikin waƙar buɗewa, ka taso daga kujerar dattawa da sandarka, ka ratsa tsakiyar coci, ka zauna kusa da shi. Bayan an tashi wani dattijo ya ce maka, "Efo Dzikunu, wane laifi ka yi ne ba mu ji ba?" Ka ce, "Ni na ƙera bencin nan, ban taɓa ɗanɗana aikina ba. Ashe mugun aiki na yi, ko jaki ba zai gode mini ba."

Kai ke zagayawa da farantin Jibi a da. Ka roƙa a sauke maka wannan aiki, wai hannunka yana rawa. Duk garin nan mun san hannun da ke goge katako kullum ba ya rawa. Wuce bencin nan da faranti ne ba za ka iya ba.

Na same ka a shago wata rana, na ce, "Papa, kada ka ɓoye mini, ɗana ya hallaka ke nan?" Ka daɗe kana share garin katako daga hannunka. Ka ce, "Abla, ni katako na sani. Abin da Littafi ya faɗa ba zan goge shi ba, na kuma gaya masa haka ido da ido. Ko shi ya zaɓa ko bai zaɓa ba, wannan ya fi ƙarfin kaina. Abin da na tabbata an bar mini in zaɓa shi ne inda zan zauna ranar Lahadi."

Na ji, amma ban tashi daga wurin zamana a coci ba. Shekara biyu kana zaune a can da ciwon bayanka, ni kuwa da na haife shi ina gaba cikin zumuntar mata, da farar rigata da kallabina, ban taɓa juya wuya ba. Tsoron bakin mata nake ji. Da Elikem ya gaji ya tattara kekensa ya koma Accra, kai ka raka shi tasha. Shekara uku bai taka gida ba. Kai yake kira a waya, ni sai dai ka kawo mini gaisuwa, wataƙila ma kai kake ƙirƙiro ta.

Ranar Asabar ɗin jana'izarka Elikem ya zo. Na hango shi cikin baƙin zane, ya rame, ya shigo ya zauna a bencin nan ba tare da kowa ya nuna masa ba. Gefensa babu kowa. Akwatinka na gaba, ba wanda zai sake ratso coci da sanda. Har yau ban san amsar tambayar da na yi maka ba, Papa, na gaji da juya ta a kaina. Na dai ɗauki littafin waƙata na tashi. Tafiyar ba ta kai taku ashirin ba, amma ta ci mini shekara biyar. Bai dube ni ba. Ya matsa kaɗan ya ce, "Dada, ki yi hankali, akwai ƙusa a nan gefen." Ya kwana biyu a gida, ya ci akple da miyar kuɓewa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama Adzovi, matarka ta shekara hamsin da huɗu, da 'ya'yanka da jikokinka, da dukan gidan Dzikunu. Ubangiji ya share muku hawaye. Allah ya yi maka jinƙai, Papa, ya gafarta maka kurakuranka saboda Yesu Almasihu, ya ba ka wurin zama mai majingina, bayanka ya huta. Mu da muka rage, ya yi mana jinƙai gaba ɗaya, na gaba da na bakin ƙofa. Amin.